Littafin Zabuwa: yadda macijiyar boa ke sabawa da gidanmu a Leeds

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Gobe in Allah ya kai mu zan je in ɗauko ta. Macijiya ce irin wadda masana ke kira Boa imperator, asalin jinsinta daga kudancin Mekziko ne, ta Amurka ta Tsakiya, har zuwa yammacin Kolombiya. Ita kam a nan Ingila aka haife ta, a tsakiyar 2023. Tana hannun wani abokin aikina da zai koma ƙasarsu, ba shi da halin tafiya da ita, ya yi ta neman mai karɓa bai samu ba. Ni ilimin dabbobi na karanta, na kuma taɓa kula da macizai a wurin aiki, don haka da ya zo mini da maganar na ce ya ba ni lokaci in yi shawara da iyali da mai gidan da muke haya. Duka sun amince, kowa da sharaɗinsa.

Sharaɗin uwargida ɗaya ne, ba ta kuma sassauta ba: "Baban Ummi, mushen ɓera ba zai shiga firizar da nake ajiye nama ba." Gaskiyarta, ko ta fuskar tsafta ma haka ya kamata. Na sayi ƙaramar firiza daban don ɓerayen da zan riƙa ciyar da macijiyar da su, tana ɗakin ajiya.

Ba babban kejin zan fara sa ta ba. Akwatin roba na shirya mai tsawon santimita 90, mai murfi da maƙalai, na huda masa ƙananan ramuka na shan iska. Shimfiɗar farar takardar goge-goge ce ta kicin, ba ƙasa ba, ba ɓawon itace ba, domin a kan farar takarda ba abin da zai ɓuya: kashi, jini, ƙwari, duk za su nuna. Na sa maɓoya biyu iri ɗaya, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi. In ka ba maciji maɓoya ɗaya tak, zai zaɓi ɓuya a kan zafin da jikinsa ke buƙata, ya kwanta a wurin ko da bai dace da shi ba.

Zafi shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa, daga waje yake karɓa, kuma da shi yake narkar da abinci. Tabarmar lantarki tana ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, a haɗe da na'urar daidaita zafi wadda ke yanke wuta in an kai iyaka. Wannan na'ura wajibi ce. Maciji yana iya kwanciya a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba. Yau da yamma ɓangaren ɗumi yana digiri 31, ɓangaren sanyi 25, danshin iska kashi 65 cikin ɗari. Abin da ake so ke nan, kuma ya tsaya a haka tun tsakiyar mako.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ta iso. A cikin rigar matashi abokin nawa ya ɗaure mini ita, na sa a kwali, na lulluɓe da bargo, na kunna hita a mota.

Kafin in sake ta na auna ta tana cikin buhun: giram 238 bayan na cire nauyin yadin. Tsawonta zai kai santimita 78, gwargwadon yadda mutum zai iya auna abin da ba ya miƙewa. Launinta toka-toka mai ratsin ruwan ƙasa a gadon baya, ratsin yana komawa ja-ja wajen wutsiya, cikinta fari da ɗigo-ɗigon baƙi. Ummi ta ga ɗigon ta ce Zabuwa, sunan kuwa ya bi ta. Idanu garau, hanci a bushe, baki a rufe ruf, ba kumfa ba majina. Ƙarfinta ya fi abin da girmanta ke nunawa.

Ya ba ni takardar mai kiwon da ya sayar masa da ita, da ɗan littafin da yake rubuta ranakun ci. Takardar na da amfani, domin dangin boa suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma tun 2018 duk mai sana'ar sayar da dabbobin gida a Ingila sai da lasisin ƙaramar hukuma. Cinta na ƙarshe ranar 27 ga Satumba ne.

Na kwance bakin buhun a cikin akwatin na bar shi, ta fito da kanta. Ta bi bango ta zagaya, harshe na ta fita yana komawa, ta tura hanci a kowace kusurwa tana gwada murfin, sannan ta shige maɓoyar ɓangaren sanyi. Na rufe rabin akwatin da tawul, na kashe fitila, na ja ƙofa. Dokar da na kafa wa gidan, har da ni kaina: mako guda ba taɓawa, ba ɗaga maɓoya, ba ƙwanƙwasa roba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ba wanda ya ga ko wutsiyarta da rana. Da safe nakan tarar takardar ta yamutse, kwanon ruwa ya ɗan gusa, alamar tana yawo cikin dare.

Ummi ta fara ƙorafi. "Abba, to mene ne amfanin kawo ta in ba za mu gan ta ba?" Shekarunta goma sha ɗaya, ta isa a yi mata bayani. Na ce mata wannan halitta ce da a dajinsu tsuntsaye da namun daji ke cin ƙananansu, duk abin da ya taso mata ta sama maƙiyi ne a wurinta. Ƙamshin gidan da ta sani ya ɓace, ga sabon ƙamshi, ga takun ƙafafun da ba ta sani ba. Harshen nan da take fitarwa ƙamshi take ɗebowa da shi tana kai wa wata gaɓa da ke rufin bakinta, da haka take karanta wuri. Sai ta gama karantawa ta tabbata ba abin da zai ci ta, sannan za ta yarda ta ci wani abu.

Da daddare Hajiya ta kira daga Gombe, labari ya riga ya kai mata.

"Kai yanzu duk dabbobin Allah ka rasa abin kiwo sai maciji?"

"Hajiya, ku kwantar da hankalinku, wannan ba ta da dafi."

"Maciji ai maciji ne."

Ban yi mata gardama ba, domin tsoronta yana da tushe. Ƙanenta kububuwa ta sare shi a gona lokacin kaka, da ƙyar aka kai shi Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake har yau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a shekara, kuma manoman ƙasarmu na cikin waɗanda abin ya fi ci. Duk wanda ke karanta wannan a gida, kada ya ɗauka ina cewa a kama macijin da aka gani a tsakar gida a sa a akwati. Na kuma san akwai malaman da ba su ga dacewar ajiye maciji ba, ban raina maganarsu ba. Abin da na riƙe shi ne, dabbar da ka tsare, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanka.

Hajiya ta tambaya ko mesa ce. Na ce a'a, dangi ne na nesa. Mesa ƙwai take yi ta kwanta a kai, wannan kuwa haihuwa take yi. Amma muna da namu dangin boa a ƙasar Hausa, wani ɗan gajeren maciji mai kauri da ke nutsewa cikin rairayi, Eryx muelleri, ana samunsa daga Senegal har Sudan, ta arewacin Najeriya da Nijar. Shi kuma, saɓanin yawancin danginsa, ƙwai yake yi.

Kafin ta ajiye waya ta ce, "To tunda ka ɗauko, amana ce. Ka ƙyale ta ta san gida. Ko kaza aka sayo ai sai an ɗaure ta kwana biyu kafin a sake ta."

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gwajin ci na farko. Ta ƙi.

Tun jiya na fito da ɓera mai giram 25 ya narke a hankali cikin sanyi, yau bayan isha na sa shi a leda na tsoma a ruwan ɗumi har ya yi ɗumi ciki da waje. Da dogon hantsaki na riƙe shi a bakin maɓoya ina ɗan motsa shi. Ta fito da kai, harshe ya yi ta aiki, sai ta ja da baya ta yi huci mai tsawo. Na ajiye shi a kan murfin roba na bar mata ya kwana. Da asuba yana nan yadda na bar shi, na zubar. Abin da ya narke ba a mayar da shi firiza.

Wannan bai tayar mini da hankali ba. Boa mai lafiya tana iya yin makonni ba ci ba tare da ta rame ba, kuma yawan tura mata abinci kullum shi ke ƙara mata tsoro. Sai nan da mako guda ko fiye. Abokin nawa ya ce in gwada mata mai rai, na ce a'a. Ɓera mai rai yana cizo, yakan yi wa maciji rauni a ido ko a gadon baya. Ga kuma dokar kare dabbobi ta 2006, wadda ta hana a jawo wa dabba wahalar da ba dole ba, ɓeran ma dabba ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

Jiya da yau na same ta cikin kwanon ruwa, ta nutsar da jiki ta bar hanci kawai a waje. Maciji kan yi haka in zafi ya yi yawa, ko in zai yi saɓa, ko in wani abu na cin fatarsa. Zafi daidai yake, idanunta ba su canza kamar na mai shirin saɓa ba. Da ta fita na ɗauko kwanon na haska da tocila: baƙaƙen ɗigo ƙanana sun kwanta a ƙasan ruwan. Na murƙushe ɗaya a kan takarda, ya bar jan jini.

Ƙwarin macizai ne, Ophionyssus natricis, dangin kaska amma ƙanana ƙwarai. Dole ta sa na taɓa ta. Na goga mata farar takarda mai laima daga wuya zuwa wutsiya, wasu suka fito. Sun fi taruwa a gefen ido da cikin tsagin da ke ƙarƙashin haɓa. Da su ta zo, sai dai a tsohuwar shimfiɗarta ta ɓawon itace mai duhu ba wanda zai gan su. Yanzu na gane dalilin hucin ranar Lahadi. Dabbar da ake shan jininta dare da rana ba za ta nemi abinci ba.

Na yi wa likitan dabbobi waya, an ba ni Juma'a. Kafin nan na canza takarda, na wanke akwatin da maɓoyu da ruwan zafi, na wanke tawul da rigar matashin da ta zo a ciki.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ba kowane likitan dabbobi ke duba macizai ba, sai na fita wajen gari kafin na samu wadda ta ƙware a kan masu jan ciki. Nauyi giram 231. Ta buɗe bakin ta duba, fes. Ta tabbatar mace ce, ta kuma nuna mini 'yan ƙayoyi biyu da ke gefen mafitar bayan gida, ragowar ƙafafun baya ne, na namiji sun fi tsawo.

Ta ba da magani ta nuna mini yadda ake amfani da shi. Ba zan rubuta suna ko awo a nan ba, domin maganin ƙwari da ya dace da wata dabba yana kashe wata. Akwai wanda ake ba maciji amma yake kashe kunkuru, akwai wanda ke kashe kyanwa. A bar wa likita.

Abin da ya fi muhimmanci a bayaninta shi ne, ƙwarin ba a jikin maciji suke yin ƙwai ba. Macen takan sha jini ta ƙoshi, ta sauka ta nemi tsagi mai duhu da ɗumi ta zuba ƙwai. Daga ƙwai zuwa babba mako biyu ne zuwa uku. Wanda ya yi magani sau ɗaya ya ga sun ɓace ya daina, zai gan su sun dawo. Don haka magani zai ci gaba har ya wuce zagayen rayuwarsu, takarda kuma a canza ta kullum. Nan akwatin roba ya biya kuɗinsa. Da a kejin katako ne mai tsage-tsage, da ƙasa da rassa, da aikin ya zama na watanni.

Ta ɗebi jini kaɗan don gwajin wata cuta da masu kiwon boa ke tsoro fiye da kowace, wadda ake taƙaita sunanta da IBD. A 2012 ne masu bincike suka danganta ta da wata ƙwayar cuta ta dangin arena. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: maciji ya riƙa amai, ya ɗaga kai sama ya ƙura ido, in an kifar da shi ya kasa juyowa. Boa tana iya ɗauke da ita tsawon lokaci ba alama, mesa kuwa takan mutu da wuri. Ba ta da magani, kuma ana zargin waɗannan ƙwarin da yaɗa ta. Na dawo gida jikina a sanyaye.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Alhamdu lillahi, ta ci.

Tun ranar Litinin ta daina shiga ruwa, ɗigon da ke kan takarda ya ragu ƙwarai. Yau da magariba na ga kanta a bakin maɓoya, wuya a lanƙwashe, ba motsi. Zaman farauta ke nan. Boa ba ta bin abinci da gudu, kwanto take yi. Na ɗumama ɓeran sosai, musamman kansa, na kashe babbar fitila. Ban gama kai hantsakin ba ta kai sara, ta naɗe shi a ƙiftawar ido.

Ko da yake matacce ne, sai da ta matse shi na 'yan mintoci. Da can ana cewa numfashi suke toshewa. Wani bincike da aka yi a kwalejin Dickinson ta Amurka a 2015 ya nuna cewa gudun jini matsar ke tsayarwa, shi ya sa abin ke ƙarewa da sauri. Da ta saki, ta bi jikinsa da harshe har ta samo hanci, ta fara haɗiya ta kai. Muƙamuƙinta ba gocewa yake yi ba kamar yadda ake faɗa. Ƙasan bakin kashi biyu ne da jijiya mai miƙewa ta haɗa, ɓangare ɗaya ya riƙe ɗaya ya matsa gaba, har abincin ya wuce. Bakin maƙogwaron numfashinta kuma yakan turo gaba don ta sha iska baki cike.

Ni da Ummi muna tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya yi magana. Da ta gama ta yi hamma ta daidaita baki, ta nufi ɓangaren ɗumi. Daga yanzu awa 48 ba taɓawa, ko takarda ba zan canza ba sai in ta ɓaci. Maciji da aka dame shi ciki cike yakan amayar, aman kuma yana ƙona masa maƙogwaro, sai an yi kusan mako biyu kafin a sake ba shi wani abu.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ta yi bayan gida, baƙi mai ƙarfi da farin dunƙule a gefe, wanda shi ne fitsarinsu. Na kai wa likita don duba tsutsar ciki.

Sabuwar matsala danshi ce. Tun da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya ranar Lahadi, kamar yadda ake yi a Ingila duk ƙarshen Oktoba, sanyi ya fara shiga, hitar gida na aiki, iskar ɗaki ta bushe. Ma'aunin danshi ya sauka zuwa kashi 48. Na toshe wasu ramukan murfin, na kawo kwano mai faɗi na matsar da shi kusa da ɓangaren ɗumi. Ya koma 62. Ban jiƙa takardar ba, domin kwanciya a kan jiƙaƙƙen wuri na ruɓar da fatar ciki. Iska ake so ta yi laima, ƙasa ta zauna a bushe.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Daren jiya ne daren wasan wuta na Ingila, unguwa ta yi ta ƙara har tsakar dare. Maciji ba shi da kunne a waje, amma girgiza tana shiga masa ta ƙashin muƙamuƙi. Na sa bargo a ƙarƙashin akwatin na ɗaga ranar ci zuwa gobe. Sakamakon kashi ya fito, ba tsutsa. Ba ƙwaro ko ɗaya a takarda tun ƙarshen Oktoba, amma magani na nan yadda likita ta tsara.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ta ci ranar 7 ba gardama. Shekaranjiya launinta ya dushe, cikinta ya yi ɗan ja, yau kuma idanu sun koma shuɗi-shuɗi kamar an shafa musu madara. Saɓa ta zo. Wani ruwa ne ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su. Maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, shi ma tare da fata yake fita. A 'yan kwanakin nan da ƙyar take gani, don haka ba ci, ba taɓawa. Na sa mata maɓoya ta uku mai ƙaramar ƙofa, cike da gansakuka mai laima, na ɗaga danshi zuwa 75. Tana ciki tun rana.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta sauka a farkon mako, na yi ta duba ma'auni har cikin dare. Ranar Lahadi idanun suka washe, wanda bai sani ba sai ya ce an fasa saɓar. Haka abin yake, sukan washe kwana kaɗan kafin fatar ta fita.

Yau da asuba na tarar da ita a naɗe a gefen kwano, guda ɗaya daga hanci har wutsiya, a juye ciki a waje. Na warware ta a hankali na duba abu biyu: ɓawon idanu biyu suna jiki, ƙarshen wutsiya ma ya fita. Waɗannan ne ke maƙalewa in danshi ya gaza, kuma tsohuwar fata da ta zauna a wutsiya takan shaƙe jini har wurin ya mutu. Ba ƙwaro ko ɗaya a cikin saɓar. A wurina wannan fatar ita ce shaidar da ta fi kowace ma'auni, domin ta nuna yadda makonnin da suka wuce suka kasance a jikinta, ba yadda suka kasance a allon na'ura ba.

Launinta ya fito, jan wutsiyar ya yi kyau ƙwarai. Uwargida da ba ta taɓa shiga ɗakin ba ta leƙo ta ce, "Tabarakallah, ashe haka take."

Talata, 26 ga Nuwamba

Ta ci ranar Asabar. Yau na ɗauke ta a karo na farko ba don magani ba.

Na fara shafa ta da ƙugiya a gefen jiki, don ta koyi cewa in ƙugiya ta taɓa ta, ba abinci ne ya zo ba. Sannan na sa hannu ta gefe, ba ta sama ba, na tallabo tsakiyar jiki. Ta yi huci sau ɗaya, jikinta ya yi tauri, ta naɗe wuyan hannuna da wutsiya. Ban riƙe kai ba, ban hana ta tafiya ba, hannu ɗaya na bin ɗaya tana ratsawa. Can sai na ji taurin ya saki, harshe ya koma fita a hankali, dogo-dogo. Kafin ta gaji na mayar da ita.

Ba na yaudarar kaina cewa ta san ni yadda kare ke sanin ubangidansa. Abin da take koya shi ne, wannan ƙamshin ba ya cutarwa, kuma wannan ya ishe ni. Ummi ta taɓa bayanta da yatsa biyu. Daga nan muka wuce wurin wanke hannu da sabulu, domin masu jan ciki na ɗauke da ƙwayar salmonela ko suna da lafiya. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar ko mai juna biyu, likitoci na ba da shawarar a haƙura da irin wannan kiwo. Na kuma gaya mata tun yanzu: ba a rataya ta a wuya, ko tana ƙarama.

Asabar, 7 ga Disamba

Guguwar Darragh ta shigo, an ba da gargaɗi mafi tsanani a Wales da kudu maso yammacin Ingila, gidaje da yawa sun rasa wuta. Mu iska mai ƙarfi kawai muka samu. Duk da haka na shirya akwatin soso mai riƙe zafi, da jakar ruwan zafi da zan naɗe a tawul, na kuma ɗaga cin jiya zuwa Litinin. In wuta ta ɗauke ciki cike, abincin ruɓewa zai yi kafin ya narke.

Lahadi, 15 ga Disamba

Gwajin jinin IBD bai nuna komai ba. Likita ta ce gwaji ɗaya ba ya rufe magana, za a maimaita nan gaba, amma hankalina ya kwanta. Ƙwari kuma sun wuce mako shida ba alamarsu. Yau ta koma babban keji.

Tsawonsa santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, na roba mai kauri da ƙofofin gilashi. Zafi daga sama yake zuwa yanzu, fitilar a cikin ragar ƙarfe don kada ta naɗe ta ta ƙone. Akwai fitilar haske mai kunna kanta awa 12 ta kashe awa 12. Shimfiɗa ɓawon kwakwa ne mai riƙe laima. Na sa rassa biyu masu kauri, domin ƙananan boa suna hawa sosai, sai sun yi nauyi suke komawa ƙasa. Na cika tsakiya da ganyen roba da ɓawon itace yadda za ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji a fili take ba. Faɗin wuri ba ya tsorata maciji, filin da babu mafaka ne ke tsorata shi. Ramukan waya duk na toshe, ƙofa kuma da makulli, don boa tana iya tura gilashi da gefen jikinta.

Tsoffin maɓoyunta na kawo ban wanke su ba, ƙamshinta na jiki. Ta shiga ɗaya kai tsaye. Mun koma dokar farko, mako guda ba taɓawa.

Lahadi, 29 ga Disamba

A wannan karon ba ta daɗe a ɓoye ba. Dare na uku na same ta a kan reshe. Ta ci ranar 22, a sabon wuri, ba jinkiri. Yanzu tana da tsari: da rana maɓoyar sanyi, bayan ci ƙarƙashin fitila, da magariba kai a waje. In na shigo ɗakin ba ta janyewa.

Nauyin yau giram 281. Jikinta yana da kusurwa huɗu, da ɗan kwari a tsakiyar baya, haka boa mai lafiya take. In ta zama mulmulalliya, kitse ne. Za ta karɓi abinci kullum in an ba ta, amma ba zan bi ta ba. Masu ɗura musu abinci don su yi saurin girma suna rage musu kwana ne. Ci ɗaya duk kwana 12 zuwa 14, kaurin abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, in ta girma tazarar ta ƙaru zuwa mako uku ko huɗu.

Macen wannan jinsi tana kai mita biyu, wata ta wuce, tana kuma yin shekara 20 zuwa 30. Kejin nan na 'yan shekaru ne kawai. Na auna bangon ɗakin, zai ɗauki mai tsawon santimita 240 in aka fitar da kabad, zan yi wa mai gida maganar bayan hutu. Ci na gaba ranar 4 ga Janairu, awo a ƙarshen wata, maimaita gwajin jini a watan Afrilu.